Yadda Za Ka Ɗaga Kan Kekenka Ba Tare Da Ka Ci Ƙasar Damargu Ba

A Kalifoniya ta Amurka aka haifi keken hawan dutse, cikin shekarun 1970, kuma masu ƙera shi kan sauke kansa ƙasa don nauyin mahayi ya danne tayar gaba idan ana hawan tudu. Yanzu ga shi ya zo mana gwanjo, ya ratso Damagaram, ya bi hanyar Agadas ta Bakin Birji har Tanut, wani ma ya karkata yamma zuwa Belbeji. Mu kuwa rairayi ne arzikinmu. Tayar gaba idan aka danne ta cikin rairayi nutsewa take yi. Ga ciwon baya, ga ciwon wuya, ga babbar illa: mutum na tafe a duƙe kamar mai neman allura, ya wuce surukinsa bai gaishe shi ba. A Damargu wannan ya isa a tara dattawa.

Don ɗaga kan keken, ka samu inuwa, amma kada ta zama ta bakin kasuwa. Da ka kwance noti ɗaya, mutum goma za su kewaye ka, kowa kakansa bakanike ne. Ka amsa sallama, ka ce "To, Baba, na gode", ka ci gaba da aikinka.

Dubi wuyan keken, domin iri biyu ne. Na da, irin na Phoenix da Raleigh da tsofaffin kekunan dutse, wuyan yana shiga cikin bututun ƙafar gaba, da ƙusa guda a samansa. Ka sassauta ta da makulli mai kusurwa shida, galibi mai milimita 6, ko da sifana idan kanta na noti ne. In ta ƙi sakin wuyan, ɗora mata guntun itace ka ƙwanƙwasa. Ƙwanƙwasawa, malam, ba sussukar gero ba. Sai ka ja wuyan sama a hankali.

A nan ne rai yake. A jikin wuyan akwai layi da masu ƙira suka zana, iyakar da ba a ƙetarewa. Layin nan dole ya zauna a ɓoye cikin bututu. Wani zai ce maka ai Turawa tsoro gare su, ƙara ɗan yatsa biyu. Ba shi zai hau ba. Wuyan da ya wuce layi yana iya tsagewa ko ya fizge, kuma ba ya yin haka sai ranar da ka ɗauro buhun hatsi a baya, kana gangara, ga jaki ya tare hanya. Haƙoran gaba ba sa sake tsirowa da damina.

Na zamani, wanda ya yaɗu tun shekarun 1990, wuyansa rungumar bututun yake daga waje, da ƙusoshi biyu a gefe da murfi a sama. Wannan ko ka kira 'yan kokawar Tanut duka ba zai ɗagu da ja ba. Dabara ce: cire murfi, sassauta na gefe, kwashe zobban da ke saman wuyan ka mayar da su ƙarƙashinsa. Babu zobba a sama? Juya wuyan ya kalli sama, ko ka nemi kan keke mai lanƙwasa sama a wurin masu kayan keke na Damagaram. Wajen ɗaurewa murfi ake farawa da shi, har lakaf-lakaf ɗin ya ɓace amma kan yana juyawa sumul, sannan na gefe. Wanda ya juya wannan tsari zai ji ƙwas-ƙwas daga nan har Gangara.

Kafin ka hau, karkata kan hagu da dama iya ƙarshe. In wayar birki ta miƙe tana ja, ta yi gajarta, a sake ta. Keken da ke taka wa kansa birki a kwana ba abokin tafiya ba ne. Matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan, kada ya motsa. Sirdi kuwa ka ƙyale shi, ba da shi ake faɗan ba.

Gwaji a rairayi ake yi, ka ɗan rage wa tayoyi iska don su shimfiɗu. Ka dai leƙa filin tukuna, domin tsidau ma'aikacin mai faci ne, kuma ba ya zuwa hutu.