Kwamfutata Mai Iskokin Bayan Isha'i

Sakataren ƙungiyar unguwa ba muƙami ba ne da ake nema, jefa wa mutum shi ake yi. Ni a layinmu na Hotoro dalili ɗaya ya sa aka jefa min: an taɓa ganina da jakar kwamfuta a kafaɗa. Daga ranar duk wata takarda ta layin ta dawo wuyana, ta yashe kwata ce, ta kuɗin 'yan sintiri ce, ko ta karo-karon gyaran taransifoma. Kwamfutar kuwa 'yar gwanjo ce, wani Bature ya gama cin ƙuruciyarta kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Legas, amma tana aikinta ba gardama. Sai da bazara ta kama sannan iskokinta suka tashi.

Duk wanda ya taɓa rubutu a kwamfuta ya san ɗan siririn layin nan mai ƙiftawa, wanda ke nuna inda harafi na gaba zai sauka. Nawa sai ya daina zama inda aka ajiye shi. Ina rubutu a ƙasan shafi, sai ya yi tsalle ya koma sama, ya shige tsakiyar wata jimla da na gama da ita tun ɗazu, ya ci gaba da zuba mata haruffa. Wani lokacin ya shafa wa sakin layi guda shuɗi, harafi ɗaya da na danna ya haɗiye shi gaba ɗaya. Ni kuma irin masu bugun nan ne da ke farautar haruffa da yatsu biyu, ido a kan kibod, ba na ɗago kai sai na gaji. Kafin in ɗago an yi ɓarnar an gama.

Abin da ya mayar da lamarin na jama'a wata sanarwa ce. Magana biyu ce a cikinta. Ta farko, kuɗin gyaran taransifoma sun kammala, suna hannun ma'aji. Ta biyu, mahaifin mai shagon bakin layi ya rasu a ƙauye, za a tafi gaisuwa. Na buga da daddare, barci na fizgata, na tura zauren WhatsApp na unguwa, na kwanta. Abin da jama'a suka karanta shi ne kuɗin taransifoma suna hannun ma'aji, wanda ya rasu daren jiya bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa.

Ana idar da sallar asuba mutane suka nufi gidan ma'aji, suka tarar da mamacin a kan tabarma a soro, da kofin koko da ƙosai a gabansa. An yi salati, an yi dariya, wata tsohuwa ta yi kuka ta fasa. Da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai dai ma'aji ya buɗe wayarsa ya karanta abin da aka rubuta a zaure tsakanin sha biyun dare da asuba, ya ga mutum nawa suka ce Allah ya gafarta masa, ya kuma ga mutum nawa suka fara da tambayar a hannun wa kuɗin suke yanzu. Kashi na biyu sun fi yawa. Ya zo ƙofar gidana da kansa, ya ce, “Malam Sakatare, na gode. Ka nuna min abin da sai a lahira zan sani.”

Daga nan kowa ya zama likita. Uwargida ce ta fara, kuma hujjarta ta fi ta kowa ƙarfi. Ta ce, “Baban yara, ka taɓa ganin ta yi maka haka da rana?” Na yi shiru, don gaskiya ban taɓa gani ba. Da rana lafiya lau take, sai bayan isha'i. Ta ce to ai magana ta ƙare, abin da ke jiran dare kafin ya motsa an san ko mene ne. Washegari na tarar da kasko a ƙarƙashin teburina, hayaƙin habbatus sauda yana shiga kwamfutar ta ramin fanka. Babban ɗana ya ce bairos ne. Ƙanin matata, wanda ba a taɓa kawo wata magana a duniya ya ce bai sani ba, ya ce, “Yaya, kutse aka yi maka. 'Yan damfara ne suke juya ta daga Legas.” Na tambaye shi me ɗan damfara zai ci da takardar yashe kwata. Ya ce da haka suke farawa.

Mutum ɗaya ne ya yi magana mai kan gado, wani maƙwabcina malamin kimiyya a sakandare. Ya nuna min ɗan faifan nan da ke ƙasan kibod, wanda ake shafawa da yatsa a juya kibiya, ya ce a ƙarƙashinsa akwai wasu siraran layukan lantarki da aka saƙa. Jikin mutum yana ɗaukar lantarki, don haka duk inda fata ta taɓa sai ma'aunin wajen ya canza, kwamfuta ta gane nan yatsa yake. Tun 1994, da kamfanin Apple ya saka irinsa a PowerBook 500, ya zama gama-gari, kuma har yau faifan bai gama koyon bambanta yatsa da gindin tafin hannu ba, balle hannun da ke jiƙe da gumi a watan Afirilun Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya ce kana cikin bugu tafinka ya goge shi, shi kuma ya ɗauka umarni ka ba shi. Ya shiga saitin Windows ya rage wa faifan saurin ji, ya koya min danna Ctrl da Z don dawo da abin da aka haɗiye. Wannan na biyun har gobe ina sa masa albarka.

Na koma bugu da hannuwa a sama, gwiwar hannu a buɗe, yara na leƙe ta taga suna ƙyaƙyatawa. Abin ya ragu kaɗan. Amma a dare na gaba na naɗe hannuwana a ƙirji, ban taɓa komai ba, ina kallo kibiya ta yi rawa, ta zarce kusurwa, ta buɗe wani fayil da kanta. Uwargida tana tsaye a bayana. Ba ta ce komai ba, ta dai je ta ƙaro garwashi.

Sai na ɗauki jaka na nufi Farm Centre. Daga ƙarƙashin gadar Hotoro, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari kuma ya zo ya buɗe ta a watan Janairun 2023, A Daidaita Sahu ɗaya ce za ta bi da kai titin Maiduguri ta sauke ka kusa. Kasuwar waya ce ta Tarauni da duk Arewa ta sani, wadda gobara ta cinye ɗaruruwan shagunanta ranar Babbar Sallar 2025, amma ka shiga yau ka ga hada-hada sai ka rantse ba a taɓa kunna ashana a wajen ba. Tun daga bakin titi samari suka yi min caa. “Alhaji, sayarwa ko gyara?” “Baba, kawo mu gani, ba sai ka biya ba.” Jakar ta riga ni shiga shago.

A nan ta tozarta ni. Mai gyara ya kunna ta, ya buɗe shafi, ya zuba rubutu da yatsu goma, ɗan layin nan ya tsaya cak inda aka ce ya tsaya, kamar yaron da ya kwana yana ihun ciwon ciki, ana shiga ƙofar asibiti ya ce a sayo masa alewa. Na yi rantsuwa, na kwatanta, na ba da labarin ma'aji. Ya saurara da ladabi irin wanda ake yi wa tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ta fara gajiya. Sannan ya ce, “Baba, Windows ɗinka ne ya tsufa, masu shi ma sun sallame shi. Fomatin za a yi.” Rabin maganarsa gaskiya ce, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Abin da ban ga haɗinsa ba shi ne yadda wannan zai sa kibiya ta san an yi sallar isha'i. Aka yi fomatin. Ya tafi da hotunan sunan autarmu, ya tafi da tsarin da nake buga ƙ da ɗ da ɓ da shi, ya bar min iskokin daram.

Na lura da wani abu a zirga-zirgar da ta biyo baya: kowane mai gyara cutar da yake da maganinta a kanta yake gani. Mai jibgin kibod a shago ya ce kibod ne, aka canza. Mai batura ya ce batir ne ya kumbura, kuma shi ma ba shirme ya faɗa ba. A yawancin kwamfutocin yanzu batirin a ƙarƙashin faifan yake kwance, in ya tsufa zafi ya dafa shi sai ya kumbura ya tokare faifan daga ciki, har ka ga murfin ya ɗage. Irin wannan ba a wasa da shi, wuta yake kamawa. Ya kwance ta a gabana, muka tarar da batiri a shafe lafiya ƙalau. Ya daɗe yana kallonsa da takaici, sannan ya ce ai yana shirin kumbura. Na ƙarshensu bai ko kunna ta ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce, “Alhaji, gaskiya ɗaya ce, ka sayar mana da ita kwandem, mu cire abin da za mu cire.”

Ana cikin haka shugaban ƙungiya ya ce lallai a rubuta wa ma'aji takardar ban haƙuri, a buga ta a kan farar takarda, a sa hannu. Na ce ba da wannan kwamfutar ba, kar in je neman gafara in kashe liman. Na tafi wani shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi, wajen Court Road, irin waɗanda ɗalibai ke cikawa da aikin kammala karatu. Da yake mun kwana biyu ba mu ga wuta ba, na haɗa da caja a jaka, in samu in ɗan ɗura mata kafin a gama min aiki. Yarinyar da ke bugun ta nuna min soket, na jona, na buɗe kwamfutar don in karanta mata abin da na tsara.

Ƙarfe sha ɗaya na safe, rana tsaka, gaban shaidu, kibiya ta fara rawa.

Na miƙe ina nunawa da hannu biyu, ina cewa jama'a ku zo ku gani. Yarinyar ba ta ko tashi daga kujerarta ba. Ta miƙa hannu ta zare wayar cajar, kibiya ta tsaya. Ta mayar, ta ci gaba da rawa. Ta sake zarewa. Sannan ta ɗauki cajar ta jinjina ta a tafin hannu, ta ce, “Kawu, wannan ai ba tata ba ce. Ji fa, ba nauyi. Kullum sai ɗalibai sun kawo irinta.” Ta janyo tata daga ƙarƙashin tebur, bakinsu ya zo ɗaya, ta jona min. Shiru kake ji.

Bayanin da na tattaro daga baya, wajenta da wajen malamin kimiyya, ba shi da wuya. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa abin da take sha bai fi 19 ko 20 ba, kuma tana son sa a tace. Aikin caja kenan, ta rage ta kuma tace. Caja ta gari tana da kayan tacewar a cikinta, shi ya sa take da ɗan nauyi. Ta jabu an zubar da su don a rage kuɗi, sai ta riƙa tura wa kwamfuta wuta mai hayaniya. Ƙafa ta uku ta fulogi, wadda ya kamata ta zubar da wannan tarkacen a ƙasa, a wasu cajojin ado ce kawai, a gidaje da yawa ma ba a ja wayarta zuwa soket ba. Faifan nan kuma da ɗan ƙanƙanin canjin lantarki yake gane yatsa, don haka hayaniyar cajar sai ya ɗauke ta yatsu ne ke yawo a kansa. In wutar ta ƙaramin janareta ce abin ya fi muni. Wanda ya taɓa jin wayarsa tana danna kanta tana jikin caji ya san ciwon.

Maganar dare kuwa, da rana da batiri nake aiki. Sai bayan isha'i maƙwabcina ke tayar da injinsa, wanda ya ja min waya ɗaya daga ciki, ni kuma in jona caja in zauna rubutu. Duk zuwan da na yi Farm Centre cajar tana gida a rataye a ƙusa, kuma cikin masu gyaran nan ba wanda ya tambaye ni ita.

A cikin A Daidaita Sahu, kan hanyar komawa, na tuna asalin cajar. Daren da aka kawo wutar nan mai ƙarfi da ta ƙone taransifomar layinmu, ta haɗa da cajata ta ainihi. Washegari na ba ƙanin matata kuɗin sabuwa, ya dawo da wannan a leda yana cewa orijinal ce, ya san mai shagon, an yi masa ragi. Canji dai ban gani ba.

Na sayi caja mai nauyi, na sa an gwada ta a gabana da kwamfutar a kunne. Na ƙara da ɗan linzami na waje, na saita faifan ya riƙa kashe kansa in an jona shi. Uwargida ta ce ita dai ta san tun da ta fara turare abin ya fara sauƙi, ban ja da ita ba. Ma'aji ya karɓi takardar ban haƙuri, amma ya ce daga yau duk sanarwar da sunan muƙaminsa ya fito a ciki sai an karanta masa ita da baki kafin ta fita.

Cajar jabun na mayar da ita kan ƙusarta. Ba a yi sati biyu ba ƙanin matata ya shigo, ya ce tasa ta ɓata a wajen aiki, ko ina da wadda ba na amfani da ita. Na ce ga wata can orijinal, ɗauki. Daren jiya ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, “Yaya, mutanen nan na Legas sun dawo kaina.” Na ce subhanallahi, kar ya yi wasa, gobe da sassafe ya kai ta a yi mata fomatin.