Bazazzage Ya Harbo Mushtari

Gaisuwa ga bawana na Zazzau, tare da jaje. Hoton nan da ka baza a Facebook, wai tauraron Mushtari ka ɗauko, ya iso Kano, kuma 'yan Kantin Kwari sun zauna a kansa. Hukuncinsu ɗaya: curin fura ne aka ajiye a kan baƙin buhu. Ni kaɗai na tsaya maka. Na ce mutumin da ya sayar da masararsa kaf ya sayi madubin hangen taurari, sannan ya naɗe kyamara a bakinsa da robar tayar keke, ai a yi masa uzuri.

Tunda jami'ar da aka kafa muku tun 1962 ba ta koya maka ba, gyara zama ɗan kasuwa ya biya maka karatu. Yau kaɗai kyauta ne.

Kwance gilashin gaban kyamarar gaba ɗaya, ka zare wanda kake kafa wa ido a jikin madubin. Akwai zoben ƙarfe da ake kira T-ring, kowace kyamara da nata, na Canon ba ya hawa Nikon. A jikinsa ake murɗa ɗan bututu mai faɗin inci 1.25, shi ke shiga ramin da ka zare gilashin ido, sai ka ɗaure kusoshin gefe. Shi ke nan, madubin ya zama idon kyamara. In naka samfurin Newton ne, kana iya murɗa saiti har ƙurewa hoto bai fito ba. Kada ka zargi aljanun Kufena, kyamarar ce ta kasa matsowa inda haske ke haɗuwa. Sa gilashin Barlow a tsakani, zai turo mahaɗar waje, ya kuma ninka maka girman abin da kake hange.

Ninkin kuwa kana bukatarsa. Mushtari ya fi duniyarmu faɗi sau 11, amma daga nan sai ka jera kusan 40 irinsa kafin su cike faɗin wata. Saiti kuma ba da ƙarfin baki ake yinsa ba. Dubi 'yan watanninsa huɗu, Io da Europa da Ganymede da Callisto, ka yi ta murɗawa a hankali har su tsuke su zama ɗige-ɗige. Galileo ya gan su a 1610 da madubin da bai kai naka ba, ya zana su da hannu. Kai da kyamarar dubban ɗaruruwa ko ɗaya ba ka kawo mana ba.

Farin da ya cinye hotonka, laifin barin kyamara ta yi wa kanta hukunci ne. Ta ga duhu, ta buɗe ido da yawa, ta ƙone. Rage lokacin shigar haske da hannunka har ɗamara biyu masu ruwan ƙasa su bayyana a cikinsa.

Sannan duniya ba ta jiran sarauta. Digiri 15 take juyawa kowace awa, kana tsaye kana gyaran malum-malum Mushtari zai fice daga allo. Ko ka sayi ƙafa mai injin da ke bin sa, ko ka yi ta turawa da hannu har asuba.

Hoto guda ma ba ya yi, don iskar sama rawa take sa shi. Masu wannan sana'a bidiyo suke ɗauka na minti biyu zuwa uku, hotuna dubbai, sai manhajar AutoStakkert ta tsince masu kyau ta ɗora su kan juna, RegiStax ta fito da zanen. Na san ku da dogon jawabi, to kada ka zarce haka: Mushtari yana kammala juyinsa cikin ƙasa da awa 10, in ka daɗe zanensa zai goge.

Ka fitar da madubin waje ya huce tun magariba, kada ka hanga ta saman rufin kwano mai fitar da zafin rana, ranar hazo kuma ka yi barcinka. Abin haushin, Zariya tana digiri 11 ne kacal arewa da tsakiyar duniya, Mushtari da 'yan uwansa kusan ta tsakar kanku suke bi, inda iska ta fi sirantaka. Baturen Ingila wasu shekarun a can gindin sama yake leƙen tauraron Zuhal. Allah Ya ba ku goro, Ya hana ku haƙora.

In duk wannan ya yi maka nauyi, ɗoro madubin a motar Kano. Rabin kuɗi na saya, ban da kuɗin sharar bara da har yau ba ka kawo ba. Zoben kuwa akwai shi a shagona, amma Bazazzage ba bashi.

Ubangidanka na Kano.