Kwabo Mai Huji da Fam Miliyan Ɗaya

Wanda yake son ya san iyakar danginsa, kada ya jira biki ko suna. Ya bari kawai a ji ƙishin-ƙishin cewa dukiya ta faɗo masa. Ni dai ta haka na san muna da 'yan'uwa har a Damagaram, kuma duk albarkacin wata tsohuwar lalita.

Bayan sadakar arba'in ta kakarmu, Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, mata suka shiga sauke jeren ɗakinta. Can a ƙasan wata kwalla, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan saƙi, sai ga lalitar nan an tamke bakinta da igiya. Da aka zazzage ta a tabarma, tsabar kuɗi suka watsu: aninai, kwabbai masu huji, taro da sisi, sulalla, da wani ƙaton farin kuɗi mai hoton wata mace mai jiki. Gwaggo Asabe ta ce a ba yara su yi wasa. Baffa ya ce a'a, a ba ni in duba, tunda ni ne ɗan boko. A gidanmu duk takardar da ta gagara, daga ta asibiti har ta kuɗin wuta, ni ake miƙa wa, ba don na fi kowa sani ba, sai don ina sa tabarau.

Da daddare na baje su a faranti, na haska fitilar waya. Kwabban duk ƙira ɗaya ce. Gefe guda tauraro mai tsini shida ya kewaye hujin, da rubutun da ke nuna kuɗin Afirka ta Yamma ne na zamanin Turawa, wanda aka ci kasuwa da shi a Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Ɗaya gefen kuma kambin sarauta ne da sunan sarkin Ingila, sai darajar kuɗin da aka rubuta da harufan Larabci. Yawancinsu sunan Sarki Joji suke ɗauke da shi. Amma guda biyar, na shekarar 1936, sunansu daban: Edward na Takwas.

Na buga sunan a waya. Abin da ya fito ya sa na miƙe tsaye ba shiri. Ashe wannan sarki ko shekara bai cika a kan gado ba: ya hau a Janairun 1936, ya sauka a Disamba. Kuma a Janairun 2020 an sayar da kuɗi ƙwaya ɗaya tak mai sunansa a kan fam miliyan ɗaya. Nan na tsaya da karatu, don ban ga abin da ya rage a karanta ba. Sarki ɗaya, suna ɗaya, ni kuma ga ni da biyar. Na juya fam zuwa naira, sifirai suka cika fuskar wayar har suka rasa wurin zama. Na waiwayi ƙaton farin kuɗin, na ga an rubuta 1780. Wato ya girmi jihadin Shehu Usmanu da shekara 24. Wannan ban ma yi masa lissafi ba, don kada zuciyata ta buga.

Na tashi uwargida. "Maman Abba, tashi, talauci ya ƙare."

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "To, Allah ya sa. Gas ma ya ƙare."

Na yi mata bayani, na kuma ja kunnenta cewa sirri ne. Ta riƙe amana, ƙanwarta kaɗai ta gaya wa. Kafin azahar mai shagon unguwarmu, wanda ko ashana ba ya ba ni bashi, ya fara kira na Alhaji. Kafin mako ya zagayo zaure ya cika da takalma. Wani dattijo ya sauka daga Damagaram da jakarsa, ya ce kakarsa da uwar Hajiya nono ɗaya suka sha. Gwaggo Asabe, wadda ta ce a ba yara su yi wasa, ta tuna cewa Hajiya ta yi mata kyautar lalitar tun tana raye, sai dai ranar su biyu ne kaɗai a ɗaki. Da na ba ta labarin cewa Sarki Edward ya ajiye sarauta ne don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ya bar gadon ubansa saboda bazawara? Wannan ba haka ta bar shi ba. Kai dai ɗana, yi maza ka sayar kafin abin ya shafi kuɗin."

Sai dai kuɗin sun yi baƙi ƙirin, wasu har da kore-kore. Na ce kayan miliyoyi ba za su fita da dauɗa ba. Ko mota za ka kai wa dillali ai sai ka wanke ta. Na sa aka kawo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, na tara yara, muka duƙufa. Muka dirje su har mutum yana iya ganin haƙoransa a ciki. Cikin aikin na ci karo da wani anini fari fat, marar nauyi, ko iska za ta iya ɗauke shi. Na ce wannan jabu ne, har a zamanin Turawa ashe akwai 'yan damfara. Na jefa wa Abba, ya yi wa motarsa ta kara taya.

Ana haka sai ga waya daga wani mai sanyin murya. Ya ce shi wakilin wani Bature ne da ke jira a Kwatano, kuma sunan sarki ba shi ne abin nema ba. Abin nema, in ji shi, wata jar zaiba ce da Turawa suka ɓoye cikin kwabo mai huji, wadda ake haɗa manyan makamai da ita. Alamarta kuwa, kwabon yana jan shinkafa. Nan take muka share tsakar gida, muka ajiye kwabo, muka sa ƙwayar shinkafa ɗaya nesa kaɗan da shi. Manya da gemu, mata da goyo, muka yi da'ira muka zuba ido. Shiru, shiru. Can sai shinkafa ta motsa. Baffa ya yi kabbara, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, baƙon Damagaram ya fara hawaye. Abba ne ya durƙusa ya ce, "Baba, tururuwa ce take ja." Aka kore shi waje, aka ce yaro bai san manyan al'amura ba.

Mai sanyin murya ya ce madalla, saura gwajin na'ura, kuma ita na'urar sai an biya kuɗin ɗauko ta. Na ranci kuɗin adashen Maman Abba na tura. Tun daga ranar, duk sanda na kira lambar, wata mata ce take amsawa da ladabi, tana cewa a kashe take. Ita jar zaibar nan kuwa babu ta a duniya. Ƙarya ce da 'yan damfara suka daɗe suna yawo da ita ƙasa-ƙasa, yau su ce tana cikin keken ɗinki, gobe su ce cikin dutsen guga.

Da matsin dangi ya yi yawa, na ƙulle kayan a hankici, na nufi Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Na kutsa lungun masu kayan da, inda ake rataye takubba da tandu da tsakiya. Aka nuna mini wani tsoho mai ɗan sikeli da gilashin ƙara girma, da wani littafin Turawa na tsofaffin kuɗi wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Na gaishe shi, na kwance hankici a hankali, ina jiran ya zabura.

Ya dubi kuɗin, ya dube ni. "Samari, wa ya yi musu wannan aika-aika?"

"Baba, wanke su na yi."

"Wanke su ka yi, ko fere su?"

Ya ɗora gilashi a kan guda, ya ce in leƙa. Fuskar kwabon duk zane-zane, soson ƙarfe ya yi mata kaca-kaca. Ya ce masu tara irin waɗannan kuɗi wannan duhun da shekaru suka shafa musu shi suke biya, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Na ce ba komai, a rage mini ko rabin miliyan ne, ga na Edward nan guda biyar. Bai ce uffan ba. Ya sunkuya ƙarƙashin benci, ya jawo wani kwano cike da kwabbai masu huji, ya dire a gabana.

"Tona nan, ka zaɓi Edward ɗinka. In ka sayi goma zan yi maka gyara."

Sannan ya warware mini abin da na ƙi ƙarasa karantawa. Wancan na fam miliyan zinariya ne, na shekarar 1937, mai hoton fuskar sarkin. Gwaji kawai aka buga, sarki ya sauka kafin a sake shi, waɗanda suka rage a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Namu kuwa, da yake huji ya cinye wurin hoto, suna kaɗai ake canzawa, don haka aka yi ta buga su miliyoyi a Landan da Birmingham ana lodowa a jirgin ruwa. Ya nuna mini wasu ƙananan harufa a jikinsu, H a wani, KN a wani, ya ce alamun masana'antu biyu ne na Birmingham. Mai tara kuɗi na gaskiya irin waɗannan yake bi, da shekara, da lafiyar jikin kuɗin.

"Abu uku ke sa musu daraja," in ji shi. "Ƙaranci, lafiya, da irin ƙarfen da aka yi su da shi. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Da yana sawa, da ni ma tuni an saye ni."

Na turo masa babban makamina, mai 1780. Ya yi murmushi irin na wanda ya ga tsohon aboki. Ya ce wannan ai liyari ne, matar kuma Mariya Tariza ce, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu, amma fatake daga ƙasar Larabawa har Habasha da Borno sun yarda da kuɗinta ƙwarai. Sai aka ci gaba da buga shi ba tare da an taɓa shekarar ba, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau ana buga shi a Biyana. Wanda aka buga bara ma 1780 ne a jikinsa. Ya ɗora shi a sikeli, giram 28 da 'yan kai. Ya ce kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce, kuma kuɗin azurfar kaɗai zai biya, musamman da yake maƙeri ya riga ya liƙa masa mariƙi don Hajiya ta riƙa ratayawa a wuya.

Ya koma kan sulalla masu hoton bishiyar kwakwa, yana sakin kowanne a kan dutse yana kasa kunne. Na 1913 zuwa 1919 ya ware su gefe, ya ce azurfa ce mai kyau. Daga 1920 aka fara surki, har aka koma tagulla. Na Sarauniya Elizabeth na 1959, taro mai auduga da sisi mai koko, waɗanda aka yi ta kashewa kafin zuwan naira a 1973, ya ture mini su da bayan hannu, ya ce kowane tsohon gida akwai su. Aninai kuwa, ya ce saboda arharsu har kafintoci sun riƙa sa su a ƙarƙashin kan ƙusa.

Har na fara tattara hankicina sai ya ce, "Af, cikin aninan babu wani fari marar nauyi? Na 1907 ko 1908? Da alminiyam aka yi su, suna cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da shi. Ba su jure yanayinmu ba, aka daina. In ka sami mai lafiya, shi kaɗai ya fi duk waɗannan aninan naka."

Ban san lokacin da na fito titi ba. Na iske Abba a ƙofar gida da mota mai taya uku. Ya ce ɗayar ta faɗa kwata tun shekaranjiya. Maƙwabta sun ga Alhajin da ake cewa ya yi kuɗi ya naɗe wando yana tonon kwata da hannu, suka ce lallai dukiya ba ta zo masa da sauƙi ba, ta taɓa shi.

Abin da azurfar ta kawo gaba ɗaya zai sayi ɗan akuya, shi ma ba mai ƙiba ba. Aka kira Malam rabon gado. Ya kasa kuɗin kashi shida: Baba biyu, Baffa biyu, gwaggonnina biyu kowacce ɗaya. Na gyara zama na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni fa?"

Ya ce, "Jika ba ya gado muddin akwai ɗa namiji a raye. Allah ya ƙara wa mahaifinka nisan kwana."

Na ce amin, don ba yadda zan yi. Na kawo maganar kuɗin na'ura da na mota, ko za a cire mini. Malam ya tambaya ko cikin magada akwai wanda ya aike ni. Kowa ya shiga kallon silin. Baƙon Damagaram kuwa ni na biya masa kuɗin motar komawa, har da na tsaraba. Magada suka yi shawara, suka ba ni kwabban Edward guda biyar tukuici.

Har gobe Baffa bai yarda ba. Ya ce ba a taɓa jin fam miliyan biyar ta koma ɗan akuya ba sai a hannun ɗan boko. In na ɗinka sabuwar riga, sai a yi ta zunɗe ana cewa kuɗin Hajiya sun fara fitowa. Maman Abba kuma duk ƙarshen wata tana tuna mini adashe.

Don haka, mai karatu, in ka tsinci irin wannan lalita a ɗakin tsohuwa, kada ka kusance ta da toka ko lemun tsami, kada ka tura wa kowa kuɗin gwaji, ka karanta labarin waya har ƙarshensa, ka kai wa mai sikeli ya duba. Kafin duk wannan kuma, fara tambayar Malam ko kana cikin magada. Wanda yake da bukatar kwabon Sarki Edward na 1936, ya neme ni. Ina da biyar, sun sha wanki, kuma ba za mu yi faɗa a kan farashi ba.