Gidanka Ne, Alhaji, Amma Kwantar Tamu Ce

To, ku taho, 'yan "gidana ne, kuɗina ne". Na ji ku a bakin masallacin Adjamé, na ji ku wurin mai garba a Treichville, aceke a baki kuna cewa gwamnati ta shigo muku har ɗaki. Laifinta? Tun Janairun 2019 ta hana sayar da ƙwan lantarki mai zare, wannan ja mai zafi. Ta kuma ce firiji da na'urar sanyaya ɗaki su zo da takarda a goshi mai nuna yawan wutar da suke sha.

Wani Bagobiri abokin wasana, dattijo da gemunsa, ya rantse mini farin ƙwai yana rage ƙarfin ido. Na ce, Alhaji, shekarunka sittin da ɗoriya, idon nan ba ƙwai ne ya cinye shi ba.

Bari in tambaye ku, tsakani da Allah: cikinku mutum nawa ne ke da gida nasa na kansa? Yawancinmu a gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, ƙofa takwas ko goma, famfo ɗaya, kwantar wuta ɗaya a jikin bangon zaure. Ranar da takardar kamfanin wuta na CIE ta iso, kowa ya san wasan. Mai gida ya fito da biro da bayan kwalin sukari, a hau ƙidaya: kai ƙwai nawa, ke fanka nawa, wa ke da dutsen guga. Nan take wanda rediyonsa ke hana mu barci zai ce batir yake sa masa. Ana ƙirga ƙwai ɗaya ɗaya kamar duk ubansu ɗaya, alhali na Alhaji wat 60 yake ja, na maƙwabciyarsa mai sayar da koko wat 9. Ku bar su awa goma kowane dare, a wata nasa ya sha kilowat-awa 18, nata ko uku bai cika ba, kuma kuɗi ɗaya za su biya. 'Yancin da kake kuka a kai, Alhaji, da cinikin kokonta ake biyansa.

Na san abin da za ku ce: aikin Turawa ne aka kwaso. Ai ba sai an je Turai ba. Gana da ke nan kusa ta raba fararen ƙwai miliyan shida kyauta a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, daga baya ta rufe ƙofa ga tsofaffin firiji. Amurka da kuke ɗauka kowa na cin karensa babu babbaka, ita ma ta kori jan ƙwan daga kantuna a 2023. Mu nan kun manta 2021, da aka riƙa raba wuta unguwa unguwa, tela ya zauna yana kallon kekensa?

Amma kada ku ce na zama kakakin gwamnati, akwai inda na bi bayanku. Mai sayar da ƙanƙara da bisap ba don ƙaunar tsohon ƙarfe take sayen firijin gwanjo na "Faransa sai wata rana" ba, abin da hannunta ya kai ke nan. Ka nuna mata takarda mai launin kore, ta nuna maka lalitarta. An kuma ƙara kashi goma cikin ɗari a kuɗin wuta a Janairun 2024, wanda ya canja ƙwai da wanda bai canja ba duk sun ji a jikinsu. Ga jabun ƙwai da ke yawo a kasuwa, kwalinsa ya yi alkawarin shekaru, shi kuwa bai kai sallar layya ba. Mai doka ya fara bin waɗannan kafin ya leƙo ɗakin kowa.

Shi dai Bagobirina ya tara jajayen ƙwai guda shida a ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon rawani, wai maganin wata rana. Jiya da dare na wuce ƙofarsa, na hango haske fari tas ta labule. Na yi sallama, na ce, Alhaji, ina jan? Ya ce zafi ya yi yawa a ɗakin, kuma Hajiya ce ta sa, shi ba ruwansa.