Ma'aurata a Titunan Landan

Duk wanda ya so ya san haƙiƙanin zaman da ke tsakanin miji da mata, ba sai ya tambayi maƙwabta ko ya leƙa zauren alƙali ba. Ya ishe shi ya sami wurin zama a bakin kogin Tems cikin watan Yuli, ya zuba wa ma'auratan da suka keɓe yini guda don kallon birnin Landan ido, domin gajiyar ƙafa da tsadar shayi sukan tone abin da zaman gida ya daɗe yana rufewa.

Mafi wahalar da iyali a cikinsu shi ne ma'abocin jadawali, wanda tun da asuba ya rubuta wurare goma sha biyu a takarda, ya ɗauke su farillai waɗanda ba su da ramuwa. Shi ne zai ja matarsa zuwa ƙofar fadar Bakingham tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya, don a ga canjin dogarai masu jajayen riguna da dogayen baƙaƙen huluna, alhali kuwa abin da baiwar Allah za ta gani bai wuce ƙeyar jama'a da wayoyi a sama ba, kafin ta gama ɗage, ya riga ya soke fadar daga takardarsa, yana cewa, "Hajiya, ɗaga ƙafa, saura goma sha ɗaya." In ta roƙi a ɗan zauna, sai ya dube ta kamar ta ce ya karya azumi da rana tsaka.

Akwai kuma malamin tarihi, wanda ya kwana yana muɗala'a, ya wayi gari yana ba da fatawa ba wanda ya tambaye shi. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sanar da matarsa cewa a 1863 aka buɗe shi, kuma shi ne na farko a duniya. A gindin hasumiyar Majalisa zai gaya mata ƙararrawar Big Ben ta haura tan 13. A Gadar Tawa kuwa, wadda aka buɗe a 1894, sai ya tsaya yana kwatanta da hannayensa biyu yadda take tsagewa ta ɗaga don jirgin ruwa ya wuce, ita ko tana ta "Haka ne, Malam," hankalinta duk yana kan takalmin da ya ci mata dunduniya. Ni ban cika ganin laifinsa ba, tun da abin da yake faɗa gaskiya ne. Aibinsa ɗaya, bai san waƙafi ba.

Wanda ya ɓata amma ya ƙi tambayar hanya, wannan ko'ina ma haka yake, a bar shi.

Mata ma ba a bar su a baya ba, domin ga uwargida mai son hoto, wadda ta mai da mijinta bawan waya ala tilas, jakarta rataye a wuyansa, yana durƙuso gaban jan akwatin tarho ana ce masa, "Haba Alhaji, ka yanke mini kan hasumiyar, sake!" Za su biya kuɗi su hau ƙaton lilon nan da ake kira London Eye, mai tsawon mita 135, wanda yakan ɗauki wajen rabin sa'a kafin ya kewayo, amma har a sauko ba za ta leƙa birnin ba, tana fama da ɗaurin ɗankwali.

Amma wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne mai juya fam zuwa naira a zuci, wanda in aka kawo masa takardar kuɗin kofi biyu na shayi sai ya yi salati da ƙarfi har na kusa su waiwayo. Tun da ya ji labarin cewa Gidan Tarihin Birtaniya kyauta ake shiga, sai son ilmi ya kama shi, ya tsare matarsa tsakanin busassun gawarwakin Misirawan dā tun hantsi har rana ta karkata. Da suka fito ta hango kantunan titin Oksfod ta fara sassauta tafiya, nan take taƙawa ta sauko masa, ya ce lalle ne su gaggauta zuwa babban masallacin da ke gefen Rijent Fak kada la'asar ta kuɓuce musu. Ta dube shi cikin ladabi ta ce, "Maigida, ai matafiya ne mu, kai da kanka ka haɗa mana ita da azahar." Ya yi gyaran murya, ya ce to akwai saɓanin malamai a kan mas'alar.