Ragon Suna da Buhun Gishiri a Winnipeg

Winnipeg tana zaune ne a kan yumɓun da tsohon tafkin Agassiz ya bari, kuma da hunturu sanyi kan ratsa ƙasar har kusan mita 2. A 2014 sai da ya cim ma bututun ruwan da ke binne, gidaje da dama suka wayi gari famfo ko ɗigo babu. A wannan birni, a tsakiyar Janairu, Allah Ya sauki iyalina lafiya, ni kuma na cika baki a gaban 'yan uwanmu ɗalibai cewa ragon suna bankare shi za a yi, a kafa a bakin wuta irin na gida.

Ramukan kafa sanduna kawai nake bukata a bayan gidan da muke haya. Na ari diga, na yi bismillah, na maka. Digar ta yi tsalle ta dawo, hannuna ya yi zuu har kafaɗa, ƙasa kuwa ko ƙwarzane.

Sai na tuna motocin hukuma da nake gani suna barbaɗa wani abu a titi. Ai gishiri ne maganin ƙanƙara! Na sayo buhu guda na zazzage a wurin, na tsaya ina jira hannu a aljihu. Uwargida ta leƙo ta taga: "Malam, miyar taron a tsakar gida za a kaɗa?" Ban kula ta ba. Da na ga gishirin ya yi zamansa fari fat, sai na dama wani a tafasasshen ruwa na kwarara. Ruwan ya haɗu da dusar ƙanƙara ya tsinke, kafin la'asar wurin ya zama madubi. A kansa na zame na faɗi rigingine, hula gabas, silifa yamma.

Wani abokina ɗan Damagaram, mai digirin digirgir a kimiyyar ƙasa, shi ya zo dubiya. Sai da ya gama dariya har da tari, sannan ya ce, "Yallaɓai, gishiri ba wuta ba ne." Aikinsa, in ji shi, sai ya narke a ruwa, daga nan ya saukar da matakin da ruwan ke daskarewa. Ruwan teku, mai gram 35 na gishiri a kowane kilo, yana daskarewa a kusan digiri 1.9 ƙasa da sifili. Iyakar ƙoƙarin gishirin miya digiri 21 ƙasa da sifili ne, shi ma sai ya kai wajen kashi 23 cikin 100 na ruwan. Mu kuwa ranar muna wajen digiri 30 ƙasa da sifili. Motocin da na gani, yawancin abin da suke watsawa a irin wannan sanyi yashi ne.

Da malanta ta motsa masa, ba ya tsayawa. Ƙasa mai gishiri, ya ce, a hankali take daskarewa: ƙanƙara na haɗuwa tana ture gishirin gefe, ragowar ruwan ya ƙara kauri, sai sanyin da ya fi na baya ya iya kama shi. Shi ya sa injiniyoyi a gaɓar tekun Aktik ke ɗari-ɗari da daskararriyar ƙasa mai gishiri, don ba ta riƙe harsashin gini da kyau. Ina ta gyaɗa kai, ƙugu na zogi.

Yana fita ya ga buhunan gawayin da na jibge a ƙofa. "Waɗannan fa?" Na ce na gashi ne. Ya ce ai masu haƙar kabari a ƙasar nan ɗumama ƙasa suke yi kafin su sa shebur. Na dubi gawayin, gawayin ya dube ni.

Ragon dai gunduwa-gunduwa ya shiga tandar kicin. Da bazara ciyawa ta fito ko'ina ban da fegina, wanda ya zama caɓi mai danƙo, don sodiyam yana lalata yumɓu har ruwa ya kasa wucewa. Mai gida ya zaftare kuɗin ajiyata ya sayo sabuwar ƙasa. Kafin a kwashe tsohuwar, ɗan Damagaram ya iso da 'yan ledoji da cokali, wai in ba shi izini ya ɗebi samfur.