Kowace Doka da 'Ya'yanta a Sashen Fiziks

Duk jami'ar da ke koyar da fiziks a Najeriya, daga Samarun Zariya zuwa Kano, Sakkwato da Maiduguri, tana da ɗan littafin dokoki da ake miƙa wa sabon ɗalibi. A ciki an rubuta kwas nawa zai ɗauka, sau nawa zai shiga aji, abin da zai shiga da shi ɗakin jarrabawa da abin da zai bari a ƙofa. An rubuta littafin ne don wani ɗalibi mai agogo a hannu, wanda kuɗin rajistarsa ke zuwa a kan kari, kuma mota ba ta taɓa mutuwa da shi a hanya ba. Har yau ba a ga wannan bawan Allah ba. Waɗanda ake gani su ne mutanen da dokokin suka haifa, don kowace doka tana da 'ya'yanta, kuma duk shekara sai ta sake haihuwa.

Ɗan fari shi ne Injiniya. Dokar shiga ta ce sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne za a rubuta a JAMB. To, su ne dai huɗun da mai neman injiniyanci ke rubutawa. Idan gurbin can ya cika, ragowar sai su gangaro sashen fiziks ba tare da an canza musu ko takarda ɗaya ba. Shi bai nema ba. Ya buɗe shafin JAMB ne ya tarar an ba shi, ya yi ta jinya, har kawu ya ce, "Kai dai shiga, daga ciki sai a canza maka." A gida kuwa an riga an fara kiransa Injiniya, inna ta gaya wa maƙwabta. Shekarar farko zaman wucin gadi yake yi, ko littafi ba ya saya, don me zai kashe kuɗi a gidan da zai bari? Sai a ƙarshen shekara yake gano cewa sauyin sashe ma sakamako mai kyau yake so, kuma a fiziks ɗin da ya raina ake samo shi. Yanzu yana aji huɗu. Idan aka tambaye shi abin da yake karanta, sai ya ce, "Ɓangaren su injiniya ne." Zai rubuta maka lissafin Maxwell guda huɗu a allo ba kuskure, amma idan fankar gida ta tsaya, bayan ya gama duba ta, wurin mai gyara na bakin kasuwa ake kai ta.

A kowane aji akwai mutum ɗaya, wani lokaci biyu, da ya zaɓi fiziks da hankalinsa. Tun yana sakandare ya ji labarin ƙaramar na'urar nukiliyar da aka kunna a cibiyar binciken makamashi ta Zariya a 2004, bai ƙara samun barci ba. Laifinsa ɗaya ne. Saura minti biyar a tashi, azahar ta yi, yunwa ta kama kowa, Malam ya ce "Akwai tambaya?" yana riga yana tattara takardunsa, sai a ga hannu a sama. Duk ajin ya san hannun waye.

Dokar rajista ta ce kada ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 ko sama da 24 a zango, kuma ya kammala kafin ranar rufewa. Wannan doka ta haifi Sai-Gobe. Kuɗinsa na aljihu tun makon farko, amma sai ranar ƙarshe zai tafi kafe ya fitar da lambar Remita, daidai lokacin da dubban irinsa suka danne intanet ɗin makaranta har ta daina numfashi. Da la'asar za ka gan shi da fayil a hammata yana bin matakala, yana tambayar duk wanda ya ci karo da shi ko ya ga kodineta. Kodineta yana ofis mako huɗu cur yana jiran masu sa hannu, yau ne kawai ya tafi taro. Sai dai a kula, a layin nan akwai wanda ba Sai-Gobe ba ne. Shi mahaifinsa yake jira ya sayar da wake ko a biya albashi, kuma ko rancen karatun da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 ba kowa ne ya samu ba. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ana gane shi, don shi ba ya surutu a layi.

Sai Ɗan Dako. Doka ta ce duk kwas ɗin da ka faɗi, shi za ka fara sawa a rajistar badi kafin sababbi. Ɗan Dako ya faɗi lissafin aji ɗaya, ya ɗauko shi zuwa aji biyu, can ya ƙara da lantarki da maganaɗisu, ya iso aji uku da kaya niƙi-niƙi, yunit 24 sun cika tun bai taɓa kwas ɗin shekararsa ba. Jadawalinsa kullum a cikin karo yake: ƙarfe takwas ana nemansa a aji ɗaya da aji biyu lokaci guda. Ɗan fiziks ne, ya karanta cewa ƙwayar lantarki na iya bi ta ƙofa biyu a tare, amma shi bai samu wannan baiwa ba.

Dokar da ta fi kowace yawan zuriya ita ce ta halartar aji. A yawancin jami'o'inmu, wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca ba, ba shi da haƙƙin zama jarrabawar kwas ɗin. Mai hankali zai karanta wannan ya fahimci ana so ya zo aji. Akanta kuwa da ya karanta, abin da ya fahimta shi ne an ba shi kyautar kashi 25. Ya zauna ya buga: kwas mai yunit biyu awa biyu ne a mako, mako 15 ya ba da awa 30, rubu'insu awa bakwai da rabi. Waɗannan awoyi haƙƙinsa ne, kuma ba zai bar wa gwamnati ko minti ɗaya ba. Bakwai ɗin yakan kashe su a ɗaurin aure, kallon ƙwallo da barcin safiyar Litinin. Rabin awar kuma yakan ci ta ne ta hanyar shigowa a makare. Abin da bai taɓa sawa a lissafi ba shi ne zazzaɓi, kuma zazzaɓi yakan zo ne a mako na goma sha uku. Ko kuma Malam ya fasa lakca uku, jimillar ta ragu, rubu'in ya tsuke, Akanta ya wayi gari da bashi.

Mai ceton irinsu shi ne Sakataren Jama'a. Allah ya ba shi rubutu iri biyar da biro kala uku. Takardar sa hannu tana isowa gare shi sai ya sunkuya, ya rubuta kansa da shuɗi, abokin ɗakinsa da baƙi, ɗan garinsu da hannun hagu. Lambobin rajistar mutum shida na kansa, alhali saurin haske sai ya duba littafi. Ranar da dubunsa ke cika ita ce ranar da Malam ya ƙirga kawuna ya samu 41, ya duba takarda ya ga 67, ya cire tabarau ya ce, "To, bari mu kira suna, mu ga aljanun da ke tare da mu." Nan za ka ga Sakatare ya amsa sunan farko da muryarsa, na biyu da siririyar murya, a na uku ya kama tari. Ni dai ina ganin da malamai za su riƙa ba da ɗan gwajin minti biyar a farkon lakca, da takardar nan ta huta, Sakatare ma ya koma karatu.

A ɗakin gwaje-gwaje, inda ake zaman awa uku don yunit ɗaya tak, nan Kuku yake. An ba rukuninsu zare, ɗan ƙarfe da agogo, an ce su lilo shi, su auna lokacin lilo ashirin a tsayi daban-daban, su zana jadawali, su fitar da ƙarfin jan ƙasa. Masu gaskiya sun yi gumi sun samu 8.6, wasu 11.2, suna ta rubuta dalilan kuskure, har iskar taga sun ambata. Kuku bai taɓa zaren ba. Ya san amsar da ake nema, don haka daga ita ya fara, ya yi lissafi da baya, ya dafa lambobin da za su haife ta, ya ɗiga su a kan layi miƙaƙƙe sambal. Sakamakonsa 9.81, ba ƙari ba ragi. Abin da bai sani ba shi ne, jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina. A kan layin tsakiyar duniya kusan 9.78 ne, a can ƙuryar arewa da ta kudu 9.83, kuma mu nan kusa da tsakiya muke. Lambar 9.81 ta su Faransa ce. Wato Kuku yana zaune a Kano, da zare da agogon hannu, ya auno jan ƙasar Faris. Tsohon ma'aikacin ɗakin, wanda ya ga irinsa tun kafin a haife shi, yakan duba rahoton ya ce, "Ɗana, aikin nan ya yi kyau da yawa. Zo ka sake yi a gabana."

Makin gwaji da aikin gida kashi 30 ne ko 40, gwargwadon jami'a, sauran na jarrabawa. Da jadawalinta ya fito, sai gari ya cika da sababbin fuskoki. Ga Mai Kwanan Aji, da bargo da ruwan shayi da maganin sauro, wanda zai haɗiye karatun wata huɗu a dare uku, ya shiga jarrabawa ido jajur, ya tuna cewa amsar tana shafin hagu daga ƙasa amma ya manta abin da aka rubuta a wurin. Ga Mai Neman Haske, wanda bai taɓa yin tambaya kan darasi ba sai a lakcar ƙarshe: "Malam, ranka ya daɗe, a ɗan haska mana inda za a fito." Malam ya ce daga shafin farko zuwa na ƙarshe, shi kuma ya rubuta hakan a littafinsa.

Ƙa'idar ɗakin jarrabawa a bayyane take. Ka zo da katin shaida, ka bar waya a waje, ka rubuta lambarka ba sunanka ba, kuma idan ka makara fiye da rabin awa ƙofa ta rufe. Kwasar amsa a takarda ko shiga wa wani jarrabawa kora ce, kuma tun 1999 akwai dokar ƙasa da ta tanadi tara da ɗauri kan satar jarrabawa. Duk da haka Raƙumin Dawa bai fasa ba. Shi ba ya shiga da komai, wuyansa ne jarinsa. Yakan kwafe amsar maƙwabcinsa har da inda aka soke, wani lokaci har da lambar rajista. Na fi jin tausayin Mai Aron Kalkuleta, wanda ya karɓi ta wani a bakin ƙofa bai duba an saita ta a radiyan ba. Ya buga sayin 30, maimakon 0.5 ta ba shi −0.988, ya yi shiru, ya ce inji ba ya ƙarya, ya gina amsa shafi biyu a kai, har jifan da aka yi sama ya ɓulla ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma mai ɗaga hannu minti arba'in da farawa ya ce a ƙaro masa takarda, cikin murya da ƙarfi don kowa ya ji. Rabin ɗakin sai gabansu ya faɗi. Idan ka ga abin da ya rubuta, tambayoyin ne ya sake kwafewa da manyan baƙaƙe. A ƙarshen wata takardar kuma, bayan fili fari fat, za ka tarar da wasiƙa: "Malam, don girman Allah ka taimaka, ni ne babba a gidanmu."

Malaman ma ba a bar su a baya ba. Akwai wanda tun ranar farko zai sanar cewa A ta Allah ce, B tasa ce, ku yi ta kokawa a kan sauran. Akwai mai tsaron jarrabawa da ke zama a gaba yana karanta jarida, ana murna, ashe ta saman jaridar yake ƙirga masu motsi. Akwai Hajiyar da ba a jin takunta, sai dai ƙamshin turare ya gaya maka tana bayanka tun ɗazu.

Idan sakamako ya fito, 70 zuwa sama A ce mai maki biyar, ƙasa da 40 kuma F ce, sifili. Matsakaicin 4.50 ke ba da digiri mai daraja ta ɗaya, 3.50 ta biyu babba, 2.40 ta biyu ƙarama. Tsakanin waɗannan katangu ake samun mutumin da ya ƙare da 3.49. Ya san kwas ɗin da ya yi masa wannan aiki, mai yunit uku, inda ya ci 59 maimakon 60. Ya san ranar, ya san tambayar, ya san wurin da ya manta bai sa alamar ragi ba. Zai yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya zama shugaban makaranta, amma ka zauna da shi minti goma sai ya ba ka labarin maki ɗayan nan.

Na bar Kakan Sashe a ƙarshe don girmansa. Karatun shekara huɗu ne, kuma doka ta ba da iyakar shida, daga nan sai sallama. Kaka yana ta shida. Ya ga yajin aikin malamai na 2020 mai wata tara, ya ga na 2022 mai wata takwas, waɗanda ba a ƙirga masa su a zango amma an ƙirga su a gemunsa. Ya san wane malami ke maimaita tambayoyin shekara uku baya, ya san ofishin da ake bin sakamakon da ya ɓata, kuma sababbin ɗalibai kan rusuna masa suna zaton lakcara ne, shi ma ba ya gyara musu. Wanda suka shigo tare yanzu shi ke duba takardar gwajinsa. Kwas ɗaya ya rage masa, kimiyyar kwantam, kuma ya iya koyar da ita har waɗanda ya yi wa bita sun ci B. Lissafin da ke hana shi barci yanzu na shekaru ne, don wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Idan ka haɗu da shi a ƙofar ofishin jami'in jarrabawa, ka gaishe shi da kyau, ka tambayi lafiyar gida, amma kada ka tambaye shi ajinsa nawa.